Shatin Hannun Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin rage taurin kai kina shan maganin, don na san halinki, sai ciwo ya kai ki ƙasa kike tuna akwai likita a duniya. Ni ma lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na zaɓi in rubuto da hannuna ne, don a waya kina katse ni da kuka tun ban kai rabin zance ba. Ki yi haƙuri da manya-manyan baƙaƙen nan, ba ƙuruciya ce ta dawo mini ba.

Na koma wurin likitan ido, kuma bai ɓoye mini komai ba. Ciwon Baba ne, Allah ya jiƙansa, kuma hanyar da ya bi da Baba ita zai bi da ni. Gefe da gefe ya riga ya tafi, yanzu ina kallon duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu. In na shigo ɗaki daga cikin rana kuwa, sai na tsaya cak a bakin ƙofa ina jiran idona ya biyo ni. Ke da Yaya Injiniya kun gaji tsayin Baba, ni Auta aka bar wa idonsa. Shawara ɗaya likitan ya ba ni wadda ta tsaya mini a rai. Ya ce in dai zan bar gidan nan in koma ƙarami marar bene, to in koma tun ina gani, in haddace shi da ido kafin in haddace shi da hannu. Wanda ya tare a sabon wuri bayan gani ya ɗauke, in ji shi, baƙo yake zama a ɗakinsa har ƙarshen rayuwa.

Shi ya sa na ce wa Yaya Injiniya a fara maganar sayar da gidan, kamar yadda muka yi shawara mu uku bayan rasuwar Baba. Ni kaɗai ba zan iya da matakalar nan da ɗakunan nan ba, kuma sai an sayar zan samu abin da zan kama ɗan wurina. Lokaci ne ba ni da shi, Yaya.

Ya turo mini wani dillali, gajere mai saurin baki, wanda duk maganar da ya ɗauko da “a gyara” yake ajiye ta, har na raɗa masa Malam A-gyara. Ba laifi, ya san sana'arsa. Ya ce mai saye so yake ya shigo ya hango kansa a cikin gida, ba zai kuwa hango kansa ba matuƙar masu gidan na cike da kowane lungu. Don haka a sauke hotuna, a fitar da rabin kujeru don falo ya yi faɗi, a yaye labule, a yi farin fenti, kada a bar wani ƙara ko wani ƙamshi. Muka zaga tare yana nunawa. Famfon kicin mai ɗiga, a gyara. Ƙyauren banɗaki mai kuka, a gyara. Tayil ɗin nan mai motsi a kwanar lungun tsakiya, a gyara. Agogon da ke saman matakala a sauke shi, reshen lemon da ke shafar ƙofar baya a sare shi.

Ina biye da shi ina dariya a ciki, don duk abin da ya nuna sai in ji muryar Baba. Kin tuna ranar da Yaya Injiniya ya zo da akwatin kayan aiki zai ɗaure famfon nan, Baba ya kore shi da sanda? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa jama'a agogo da rediyo, amma a gidansa kalma ɗaya gare shi: “A bar shi haka.” Inna ta ce wanzami dama ba ya son jarfa.

Daga ƙarshe dillalin ya tsaya a gaban layin. Kin san shi, baƙin shatin nan da hannun Baba ya yi a bango shekarun da ya yi ba ya gani. Daga ƙofar ɗakinsa ya taso, ya bi lungu, ya sauka matakala, ya ratsa falo har kujerarsa, daidai kafaɗata saboda tsayinsa. Inna ta ƙarar da soso da sabulu a kansa har ta haƙura. Malam A-gyara ya shafa da yatsa, ya goge yatsan da hankici, ya ce wannan shi ne na farko. Na ce to. Amma da ya tafi na daɗe tsaye a wurin, zuciyata ba daɗi.

Ki gaida mini kowa da kowa, ki shafa mini kan jikarki.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Ina fatan kun wuni lafiya, kuma ƙafa ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso, na kuma ga inda kika ce in bar komai in taho wurinki. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma gidanki hawa uku ne ga jikoki suna watsa kayan wasa a ƙasa, wata ɗaya ba zan yi ba za ku kai ni wurin mai ɗori.

An gama gyare-gyaren. Da za ki shigo yanzu sai kin koma waje kin duba lambar gida. Ko'ina fari tas, falo ya yi faɗi har murya tana amsawa. Mai gyaran famfo bai ɗauki lokacin shan shayi ba ya kashe ɗigar da ta girmi 'ya'yanki. Kafinta ya ɗiga wa ƙyaure mai, ya yi shiru. Tayil ya zauna daram, reshen lemo ya tafi, agogo yana cikin kwali tare da hotuna. Keken ɗinkina kaɗai na hana a taɓa, ko da yake yanzu kafin in zura zare a allura mai kaya ta gaji ta tafi.

Abin da ban zata ba shi ne shirun. Yaya, ban taɓa sanin gidan nan yana da surutu ba sai da aka rufe masa baki. Da rana tsaka ina zaune sai in ji kamar ana jira in yi magana. Wani lokaci in na fito daga ɗaki sai jikina ya ba ni cewa yanzun nan wani ya sha kwanar lungu. In juya bututun nan nawa in duba, ba kowa.

Masu dubawa na farko mata da miji ne, sabbin aure, suna ta rangwaɗa. Komai ya yi musu, har sun fara gardamar inda za su sa gado. Muna saukowa daga bene matar ta tsaya ta tambayi dillali menene wannan. Na matsa har hancina ya kusa taɓa bango kafin in gani. Layin ne, Yaya. Ya fito ta cikin sabon fentin, rawaya-rawaya kamar tabon shayi a farin zane, bai kauce wa hanyarsa ba ko da taki ɗaya. Maimakon Malam A-gyara ya yi shiru, sai bakinsa ya kufce ya ce ai tsohon mai gidan ne makaho, a nan ya rasu. Ba su ƙara tambayar komai ba, suka ce za su kira.

Na aika aka kira mai fenti. Ya yi dariya ya ce ba wani abu ba ne, maiƙo ne. Hannun mutum yana da mai, in ya shekara da shekaru yana bin wuri ɗaya sai bango ya sha, kuma fenti na ruwa ba ya danne maiƙo, ko sau nawa aka shafa sai ya huda ya fito. Maganinsa a kankare, a wanke da ruwan zafi da omo, a bari ya bushe sosai, a shafa wani fentin ƙasa mai toshe tabo, sannan a yi na sama. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani a bangon kicin ɗinki. Haka aka yi, ina tsaye ana kankare hannun Baba yana zuba ƙasa gari-gari, na share na kwashe da kaina. Ban iya zuba shi a shara ba, a gindin lemo na zuba.

Bayanin mai fentin ya gamsar da kaina, zuciyata ce bai gamsar ba. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida, da fatan kowa yana lafiya. Ki gafarta mini jinkirin amsa. Na sha ɗaukar biro in ajiye, don ban san ta inda zan fara ba.

Na ɓata, Yaya. A cikin gidan da aka haife ni, da rana tsaka. Na fita shanya a bayan gida, rana ta buɗe sosai, na shigo da bokiti a hannu. Ganin ya ɗauke kamar kullum, na tsaya jiransa, sai ya ƙi dawowa. Na ce bari in taka a hankali in kai kicin. Na yi 'yan taku na ji ban ci karo da kujerar da ya kamata in ci karo da ita ba, don an fitar da ita. Na juya, na sake juyawa, daga nan ban ƙara sanin ina ne gabas ba. Na kasa kunne in ji famfo, shiru. Na kasa kunne in ji agogo, shiru. Na ja ƙafa ina neman tayil mai motsi, ko'ina daram. Tsoron da ya kama ni shi ne kada in taka in ji ba ƙasa, don ban san ta ina 'yan matakalun falo suke ba. Na ajiye bokitin na tsaya ina kuka kamar yarinyar da aka manta a kasuwa.

A tsayen nan na gane abin da muka shekara muna yi wa dariya. Ɗigar famfo ita ke gaya wa Baba inda kicin yake. Agogo shi ke ce masa ga bakin matakala, ka yi hankali. Tayil ɗin nan in ya motsa a ƙarƙashin ƙafarsa ya san kwana ta zo. Kukan ƙyaure ya bambanta masa banɗaki da ɗakin ajiya, ganyen lemo in ya shafi fuskarsa ya san ya kai ƙofar baya. Idanunsa ne ya rarraba a cikin gidan, bai kuwa taɓa gaya wa kowa ba, don kin san Baba da ƙin a tausaya masa. Ni kuma na kira ma'aikata na biya su suka tsone su ɗaya bayan ɗaya. Garin neman gira an rasa ido, yau na ga ma'anarsa a kaina.

Da na laluba na samu bango, na ɗaga hannu sama kaɗan, sai na ji shi. An kankare, an shafe, amma wurin ya fi sauran bangon santsi, ya ɗan lotsa kamar bakin tsohuwar matakala. Na bi shi, ya kai ni har inda kujerar Baba take a da. Na zauna a ƙasa a wurin har ganin ya dawo. Sau ɗayan nan ne na dafa shi, ban ƙara ba.

Amma layin ya sake fitowa. Wannan karon ba rawaya ba ne, toka-toka ne, sabo, a saman fentin. Mai fenti ya zo ya duba, ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ba maiƙon da ba ne, wanda ya toshe ya toshu. Ya tattara kayan aikinsa ya ce in nemi wani. Kafin mako ya zagayo zancen ya gama unguwarmu, wai gidan da mai shi ya ƙi fita. Maƙwabciyarmu da ke shigowa aron tsani yanzu daga bakin ƙofa take sallama. Masu dubawa sun ɗauke ƙafa, Malam A-gyara kansa ya rage fara'a, in ya zo ba ya yarda ya juya wa lungu baya.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro, kuma ba tsoron Baba nake ji ba. Wani sashe na zuciyata murna yake yi. Yana ce mini ki zauna, ki kwance famfon, ki maida agogo, ga hanya an riga an shata miki. Sai in tuna ranar da Baba ya zame a matakala ina riƙe da shi, in tambayi kaina wa zai riƙe ni. Bututun kuma ƙara tsukewa yake. Watan jiya ina ganin fuskar mutum ɗungurungum, yanzu sai na zaɓa, ko ido ko baki.

Ki gaida maigidan, ki ce na gode da saƙonsa.

Ni ce,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan ƙafa ta bar ki kin samu barci. Albishirinki. An sayi gida.

Wata ma'aikaciyar jinya ce, babbar mace mai 'ya'ya huɗu, mijinta ya rasu. Ta ji duk surutun da ake yi, ta ce ita ta ga gawa ta fi a ƙirga, ba ta taɓa ganin wadda ta tashi ta ɓata bango ba. Da suka zo na ce wa dillali yau ni zan zaga da baƙuwa. Na gaji da ɓoye-ɓoye, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na nuna mata kusurwar da rufi ke zuba in ruwa ya zo da iska, da tagar da ke ƙin rufuwa in damina ta yi nisa, da makwararar da ke toshewa in ba a kwashe ganye ba. Malam A-gyara yana ta tari a bayana kamar wanda ya shaƙi barkono. Na gaya mata labarin layin tun daga farko, har da cewa ban san abin da ke dawo da shi ba.

Muka gama zagaye muka sauko falo. Sannan ta kama hannuna na dama a hankali, irin kamun masu aikin asibiti, ta ce: “Baiwar Allah, tun da muka fara zagayen nan hannunki bai bar bangon nan ba.”

Na ce ba haka ba ne. Ta ce in tsaya yadda nake kada in motsa, in juyo da kaina in duba. Na juya bututun a hankali, na bi kafaɗata, na bi damtsena. Ga hannuna a sama, daidai kafaɗa, yatsu huɗu a kan layin. Yaya, ban san lokacin da ya hau ba. Idona ba ya ganin gefe, shi kuwa hannun bai taɓa neman izinina ba. Ashe tun ranar da na ɓata, wataƙila ma tun kafin nan, nake bin bangon nan safe da yamma da maiƙon girki da na keke a yatsuna.

Na ɗauka in na san gaskiya tsoron zai tafi. Bai tafi ba, wuri ya canza. Da ina zaton Baba ne ya ƙi fita daga gidan. Ashe ni ce na fara shiga inda yake.

Na ba ta haƙuri, na ce zan sa a sake fenti kafin ta tare. Ta ce in bar wahalar da kaina, bango ai don a dafa shi aka yi. Yaya Injiniya ya zo an yi takardu, saura ke ki sa hannu a naki in ya aiko miki. Na kuma samu wuri, ɗaki biyu da falo a ƙasa, ba matakala ko ɗaya. Kullum da hantsi nake zuwa in zauna a ciki ina kallonsa kusurwa-kusurwa, kamar mai bitar karatu ana gobe jarrabawa.

A gaida yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata, daga sabon gida,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku lafiya kamar yadda ta bar ni. Ki yi haƙuri in layukan sun hau kan juna, a kan rula nake jan su, kuma ina jin wannan ce ta ƙarshe da zan rubuta da hannuna.

Na tare, kuma na riga duhun, Yaya. Da ƙyar, amma na riga shi. Na san launin kowane bango, na san inda rana ke faɗowa da safe, na ga bishiyar da ke bayan taga da idona kafin ta zama inuwa. Agogon Baba yana bakin ƙofar ɗakin kwanana. Na sa tabarma mai kaushi a inda ake juyawa zuwa kicin, na ajiye tukunyar na'ana'a a ƙofar baya. Famfon kicin sabo ne fil, sai da na yi ta fama da shi kafin ya yarda ya riƙa ɗiga a cikin kwano. Ruwan ba ya ɓaci, shi nake ba na'ana'ar.

Shekaranjiya Malam A-gyara ya kawo mini ragowar makullai. Na haɗa masa shayi da kaina, ban zubar ba. Yana zaune ya ji famfo, ya ji ƙyauren banɗaki da iska ta tura ya yi ƙara, nan take ya zaro waya zai kira yaransa. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce: “A bar shi haka.” Har da ɗan kaushin nan na muryar Baba a ƙarshe. Ni kaina sai da na waiga.

Ya maida wayar aljihu. Can ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa, akwai layi a bangon nan, daga ɗakin kwana zuwa falo, kuma ya yi wa mace mai tsayina sama. Ya bar shayinsa ko rabi bai sha ba.

Ban bi shi da bayani ba, amma ke zan gaya miki. Hannuna ne, tsayin Baba ya koya. Na gwada saukar da shi daidai ƙuguna inda ya fi mini sauƙi, sai in ji bangon sanyi ƙalau, baƙo. In na ɗaga shi zuwa kafaɗa kuwa, sai in ji kamar wani dogo ya riga ni wucewa yanzun nan, ni bin sa kawai nake. Na daina faɗa da abin. Tun ina 'yar ƙarama dama haka nake tafiya da shi, hannuna a sama.

Ki zo, Yaya. Kada ki jira ƙafa ta warke, kada ki jira hutun yara. Abin da ya rage mini bai fi kafar allura ba, ina so in kashe shi a kan fuskarki, ko da kashi-kashi ne, ido ɗaya, sannan ɗayan, sannan bakin nan naki mai faɗa. In kin tashi ki taho da duk abin da kika ga dama, ban da soso da sabulu.

Ina gaida kowa da sunansa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta